Man kifi ga kyanwa mai ciwon suga

Man kifi ƙarin abinci ne da ake tatsa daga jikin kifayen teku masu maiƙo, irin su sadin da ancobi da salmon. Amfaninsa yana cikin wasu sinadaran maiƙo guda biyu na rukunin omega-3, wato EPA da DHA. Likitocin dabbobi sukan ba kyanwa shi don rage kumburi a gaɓoɓi, ko ƙaiƙayin fata, ko a matsayin tallafi idan ƙoda ta fara rauni. Ba maganin ciwon suga ba ne, kuma ba ya maye gurbin allurar insulin, wato sinadarin da ke sauke sukarin jini, ko abincin da likita ya tsara. Kyanwa mai suga tana iya shan sa, amma zaɓensa yana buƙatar kula fiye da na lafiyayyar kyanwa.

Jikin kyanwa ba ya iya sarrafa omega-3 na tsirrai, wato ALA, ya mayar da shi EPA da DHA yadda ya kamata, domin sinadarin da ke wannan aiki a hantarta ba shi da ƙarfi. Shi ya sa man da aka samo daga tsirrai ba ya yi mata abin da man kifi yake yi, ko da an rubuta omega-3 da manyan baƙaƙe a jikin kwalbar.

Tsantsar man kifi ba shi da sukari ko sitaci, don haka ba ya ɗaga sukarin jini kai tsaye. Matsalar tana wurin ƙiba. Ciwon sugar yawancin kyanwoyi yana kama da nau'i na biyu na ɗan Adam, inda teɓa take hana jiki jin aikin insulin. Kowane giram ɗaya na maiƙo yana ɗauke da kalori kusan 9, alhali kyanwa mai nauyin kilo 4 zuwa 5 abin da take buƙata a yini bai wuce kalori 200 zuwa 250 ba. Kafso ɗaya mai miligiram 1,000 ba komai ba ne a idon mutum, amma kullum-kullum yana taruwa a jikin dabbar da ake faman rage mata nauyi. Sai a lissafa shi cikin abincin yini, a rage wani abu a madadinsa.

Abin da ya fi kowanne haɗari shi ne rikita man jikin kifi da man hantar kifin kod. Na hanta yana cike da bitamin A da D, su kuwa ba sa fita da fitsari, taruwa suke yi. Idan bitamin A ya yi wa kyanwa yawa na tsawon lokaci, ƙasusuwan wuyanta sukan yi tsiro su manne, har ta kasa juya kai ta lashe jikinta. Yawan bitamin D yana ɗaga sinadarin kalsiyam a jini ya lalata ƙoda, ga shi tsofaffin kyanwoyi, waɗanda suga ta fi kamawa, dama ƙodarsu ba ta cika ƙwari ba. Wannan kaɗai ya isa a ajiye man hanta gefe.

Sai kayan haɗi. Wanda aka yi domin mutane yakan zo da ɗanɗanon lemun tsami ko lemun zaƙi don ɓoye ƙarni, kuma man ɓawon lemu yana cutar da kyanwa. Mai kamar alewa da ake taunawa yakan ƙunshi sukari ko kayan zaƙi. Mai kyau shi ne wanda jerin kayan haɗinsa gajere ne: man kifi, sai bitamin E. Shi bitamin E yana hana man lalacewa, yana kuma kare kyanwa daga wata cuta mai zafi da kitsen jiki yake kumbura ya koma rawaya, wadda akan gani ga kyanwoyin da suka dogara da kifi mai maiƙo ba tare da isasshen bitamin E ba.

A jikin kwalba, lambar da za a duba ita ce ta EPA da DHA, ba jimillar nauyin man ba. Kafson mutane na yau da kullum mai miligiram 1,000 yakan ƙunshi miligiram 180 na EPA da 120 na DHA ne kawai; ragowar wani maiƙo ne daban. Wanda aka tace ya yi ƙarfi yana ba da abin da ake so da ɗan digo, ba tare da kalori mai yawa ba. Man ƙananan kifaye ya fi tsabta, domin zaiba da sauran guba sun fi taruwa a jikin manya masu cin 'yan uwansu. Tambarin gwaji mai zaman kansa, kamar na IFOS, ko na NASC a Amurka, alama ce cewa wani ya duba bayan kamfanin.

Adadin da za a ba ta aikin likita ne, bisa nauyinta da dalilin shan. Ya kamata ya san abin da take ci, don wasu abincin da ake haɗawa domin ƙoda ko gaɓoɓi dama akwai man kifi a ciki. Akan fara da kaɗan, a gauraya cikin jiƙaƙƙen abinci. Yawansa yana kawo zawo da amai, yana kuma iya jinkirta daskarewar jini, don haka a sanar da likita kafin tiyata. Idan kyanwar ta taɓa fama da kumburin fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, wanda ba baƙo ba ne ga masu suga, a nemi shawararsa tukuna.

Akwai wani haɗarin da ba a cika lura da shi ba. Kyanwa tana da tsantsani. Idan man ya lalace, ko warinsa bai yi mata ba, sai ta shinshina kwanon ta juya baya. Wadda aka yi wa allurar insulin kuma ta ƙi cin abinci, sukarinta na iya faɗuwa ƙasa sosai, ta yi laushi, ta riƙa tangaɗi, wani lokaci har da jijjiga, abin da ke buƙatar likita nan take. Saboda haka a zuba man a ɗan ɓangaren abincin kawai har ta saba, a ajiye kwalbar da aka buɗe a firiji nesa da haske, a zubar da duk wanda warinsa ya canza.