Ma'anar mahaɗan zaɓi a Turanci: or, either da neither

Mahaɗan zaɓi kalmomi ne da ke ajiye wa mutum abu biyu ko fiye a gabansa, a ce ya ɗauki ɗaya. Uwarsu a Turanci ita ce "or", daidai da "ko" ɗinmu. "Come today or tomorrow", wato ka zo yau ko gobe. Wannan kam babu wuya.

In ana so a nuna cewa zaɓin bai wuce biyun nan ba, sai a fara da "either": "Either you pay or you leave", ko dai ka biya ko ka fita. Ita "either" da "or" take tafiya, "neither" kuwa, mai nufin ba wannan ba kuma ba wancan ba, abokiyar tafiyarta "nor" ce, ba a musanya su. Na sha ganin "neither" haɗe da "or" a rubutun ɗalibai masu ƙoƙari sosai, kuma abin yana damuna, don kuskure ne da ake gyarawa cikin minti ɗaya.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen korewa. "Neither" tana ɗauke da korewarta a cikinta, ba ta buƙatar "not". Wanda ba shi da biro kuma ba shi da fensir zai ce "I have neither a pen nor a pencil". In kuma ya riga ya sa "not", to sai ya koma ga "or": "I do not have a pen or a pencil". Ma'anarsu ɗaya, amma ba a tara "not" da "neither" a kan abu guda a daidaitaccen Turanci.

Sai batun aikatau, wanda masu shirya jarrabawa ke yawan tambaya. In an haɗa sunaye biyu da "or" ko "nor", aikatau yana bin sunan da ya fi kusa da shi ne. "Neither the students nor the teacher is ready": an sa "is" saboda malami tilo ne. Da za a juya su, ɗalibai su dawo ƙarshe, "are" za a sa.

"Whether" da "or" kuwa na wurin shakka ne, kamar mu ce ban sani ba ko zai zo ko ba zai zo ba: "I don't know whether he will come or not". Ita kuma "or else" gargaɗi ce, ma'anarta "in ba haka ba". Shi ya sa ba a cika faɗa wa na gaba da kai ita ba, domin kunnen Bature yana iya jin ta kamar barazana.