Waiwaye: Matt Rempe da tsohuwar sana'ar dogaran wasan hoki

Ranar 18 ga Fabrairun 2024, a filin MetLife da ke jihar New Jersey ta Amurka, wani saurayi ɗan shekara 21 mai suna Matt Rempe ya fara buga wa ƙungiyar New York Rangers wasa a NHL, gasar da ta fi kowace girma a wasan hoki na kan ƙanƙara. Shigarsa ke da wuya, kafin ma a ga ko ya iya riƙe sanda, sai ya yar da safar hannunsa ya kama dambe da Matt Martin na ƙungiyar Islanders, a gaban 'yan kallo sama da dubu 79. Ranar ta zo daidai da cikar shekara shida da rasuwar mahaifinsa. Tun daga lokacin ake ta cacar baki: shin wannan dogon yaro ɗan birnin Calgary na Kanada, wanda tsayinsa ya haura mita biyu, ɗan wasa ne ko kuwa ɗan dambe ne da aka saka wa takalmin ƙanƙara?

Muhawarar ta girmi Rempe nesa ba kusa ba. A 1922 NHL ta kafa dokar da har yanzu take aiki: wanda ya yi faɗa ba a korarsa daga wasa, sai dai ya zauna a akwatin hukunci na minti biyar ya dawo. A ƙwallon ƙafa naushi ɗaya jan kati ne, haka ma a gasar hoki ta Olamfik korar mutum ake yi. Amma NHL ta bar ƙofa a buɗe, kuma ta wannan ƙofa wata sana'a ta shigo, wadda za mu iya kira sana'ar dogari: ɗan wasan da ake ɗauka ba don ya ci ƙwallo ba, sai don ya tsare wa gwanayen ƙungiya mutunci. Ka taɓa gwaninmu, ka gamu da dogarinmu.

Sana'ar ta yi tashe a shekarun 1970, lokacin da Philadelphia Flyers ta ɗauki kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, sau biyu a jere, 1974 da 1975, da ƙwarewa haɗe da tsoratarwa. Dogarinsu Dave Schultz ya tara minti 472 na hukunci a kakar wasa guda, tarihin da ba a karya ba har yau. Wayne Gretzky, wanda da yawa ke ɗauka shi ne gwanin gwanayen wasan, ya yi zamaninsa a Edmonton ƙarƙashin inuwar Dave Semenko, kuma da aka sayar da shi ga Los Angeles a 1988, tare da wani dogarin, Marty McSorley, ya tafi. Hujjar masu goyon baya ke nan har gobe: wasa ne na gudu da karo da sanduna, alƙalai ba sa ganin komai, saboda haka tsoron dogari ne ke hana mugunta.

Na daɗe ina juya wannan hujja, kuma ban ƙi ta gaba ɗaya ba. Abin da ya hana ni karɓarta shi ne shekarar 2011. Cikin wata huɗu, dogarai uku suka mutu. Derek Boogaard, ɗan shekara 28, ya rasu a watan Mayu bayan ya haɗa giya da maganin kashe zafin ciwo. Rick Rypien, ɗan shekara 27, da Wade Belak, ɗan shekara 35, suka biyo baya a watan Agusta. Da likitocin Jami'ar Boston suka binciki ƙwaƙwalwar Boogaard, sai suka tarar da cutar da ake kira CTE, lalacewar ƙwaƙwalwa da ake dangantawa da yawan bugun kai. Irin ta aka samu a ƙwaƙwalwar Bob Probert, shahararren dogarin da ya rasu a 2010. Wani abin da ke sosa mini rai: Boogaard ɗan wasan Rangers ne lokacin da ya mutu, ƙungiyar da magoya bayanta ke rera sunan Rempe a yau. Shugaban NHL, Gary Bettman, ya daɗe yana cewa ba a tabbatar da alaƙa tsakanin wasan da wannan cuta ba, kuma a 2018 gasar ta sasanta da ɗaruruwan tsofaffin 'yan wasa da suka kai ta ƙara, ba tare da amsa laifi ba.

Sai dai ba tausayi kaɗai ya rage dogarai ba, har da lissafin kuɗi. Tun 2005 aka ƙayyade adadin albashin da kowace ƙungiya za ta iya biya, wasan kuma ya ƙara sauri, don haka ajiye mutumin da bai iya komai ba sai naushi ya zama asara. Faɗa ya ragu sosai. A 2023 gasar matasa ta lardin Quebec ma ta mayar da shi laifin kora. Mutane suka ɗauka an rufe wannan babi.

Kwatsam sai ga Rempe. Rangers ta ɗauke shi a 2020 a zagaye na shida na zaɓen sabbin 'yan wasa da ƙungiyoyin NHL ke yi, mutum na 165, matsayin da yawancin waɗanda aka ɗauka a cikinsa ba sa kai wa babbar gasa. Cikin makonni biyu na farko ya gwabza da Nicolas Deslauriers na Philadelphia, washegari ya sha kashi a hannun Mathieu Olivier na Columbus har fuskarsa ta kumbura, sannan ya tari Ryan Reaves na Toronto. Waɗannan duk tsofaffin hannu ne. Yaro ne yake bin su ɗaya bayan ɗaya, filin Madison Square Garden, gidan Rangers, na ta sowa, shi kuwa a wasan minti 60 da kyar yake samun minti shida a kan ƙanƙara. Ya gama kakar da wasa 17, ƙwallo ɗaya, da minti 71 na hukunci.

Abin da ya fi harzuƙa masu sukarsa ma ba damben ba ne, domin a dambe kowa ya yarda ya shiga. Karon da yake yi wa mutane ne. A watan Maris na 2024 ya daki Jonas Siegenthaler na New Jersey Devils da gwiwar hannu a kai, aka dakatar da shi wasa huɗu. Da ƙungiyoyin suka sake haɗuwa ranar 3 ga Afrilu, ana fara wasa 'yan wasa goma suka kaure da faɗa, aka kori takwas. A Disamba kuma ya maka Miro Heiskanen na Dallas da bango ta baya, ya sha dakatarwar wasa takwas. Masu kare shi na cewa tsayinsa ne ke jawo haka, gwiwar hannunsa tana daidai da kan wasu. Wannan bayani ne, amma ba uzuri ba ne. Wanda Allah ya ba tsayi shi ya kamata ya fi kowa lura. Kuma a nan hujjar dogari ke warwarewa, tunda mutumin da aka ce an kawo don hana mugunta shi ake ta dakatarwa saboda ita.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a kore shi. Yana da gudu fiye da yadda jikinsa ke nunawa, yana iya tsayawa gaban mai tsaron raga ya rufe masa gani, kuma shi ya ci wa Rangers ƙwallon farko a wasan share fagen kofi da Washington a 2024. Wannan aikin ɗan wasa ne, kuma da shi za a iya gina masa rayuwa a gasar. Abin da ke damuna shi ne wanda zai koya masa. A bazarar 2024 ya je wurin tsohon dogari Georges Laraque neman ƙarin dabarun naushi, domin ya ga abin da ake tafa masa a kai. A watan Maris na 2024, daidai lokacin da ake rububin rigar Rempe mai lamba 73, aka sanar da mutuwar Chris Simon, wani tsohon dogarin da shi ma ya taɓa saka rigar Rangers. Shekararsa 52, kuma iyalansa sun ce raunin ƙwaƙwalwa ne ya kai shi ga kashe kansa.