Sauyin sinadarai a jikin histon da aikin ƙwayoyin gado a ƙwari

Histon furotin ne da zaren DNA ke naɗewa a jikinsa cikin kuromosom, kamar zare a jikin mazari, kuma guda takwas ne ke haɗuwa su zama dunƙule ɗaya. Wasu enzaim, wato furotin masu gudanar da sauyin sinadarai, sukan liƙa wa jelar histon ƙananan sinadarai, galibi asetil ko metil, wasu kuma su cire. Asetil yakan sassauta naɗin har ƙwayar gado ta samu damar aiki, metil kuwa tasirinsa ya danganta da gurbin da ya zauna. Duk wannan ba ya taɓa rubutun DNA ɗin kansa.

Tarihi

Kaso mai yawa na wannan ilimi daga ƙudan 'ya'yan itace, wato Drosophila, aka samo shi. A 1930 Hermann Muller ya lura da ƙudajen da idanunsu suka fito dabbare-dabbare, ja da fari, bayan an haska musu hasken eksire. Ƙwayar gadon launin ido ba ta lalace ba. Matsawa ta yi kusa da wani cunkusasshen yanki na kuromosom, sai ta yi shiru a wasu tantanin halitta, ta ci gaba da aiki a wasu. Vincent Allfrey ya kawo shawarar alaƙar asetil da aikin ƙwayoyin gado a 1964, amma sai wajen shekara ta 2000 aka tabbatar cewa dangin furotin Su(var)3-9 ne ke ɗora metil a gurbi na 9 na histon H3, inda furotin HP1 ke kamawa ya rufe wurin. Shekara saba'in ke nan kafin a warware abin da Muller ya gani, kuma wannan ne misali mafi gamsarwa a fannin.

A namijin ƙudan, mai kuromosom X ɗaya tak, enzaim MOF na sa asetil a gurbi na 16 na histon H4, aikin kuromosom ɗin ya kusan ninkuwa har ya kamo na tamata mai X biyu.

Ƙwari masu zaman tare

Binciken da aka wallafa a 2016 kan tururuwar Camponotus floridanus ya nuna cewa hana cire asetil a ƙwaƙwalwa yana sa manyan ma'aikata fita neman abinci, aikin da ƙanana suka fi yi. Game da ƙudan zuma, an samu sinadari mai hana cire asetil a abincin sarauniya, sai dai masana ba su daidaita kan girman rawarsa ba.