Ruwan kwatar gidanku ina yake zuwa?

Salamu alaikum jama'a. Aikin duba-gari nake yi a nan Kaduna, kuma in na shiga zagaye akwai tambayar da nake yawan yi wa masu gida, ruwan wanka da wanki da na bayi in ya fita daga gidan nan ina yake zuwa? Amsar ɗaya ce kullum, "kwata mana Malam." To daga kwata fa? Sai lambatu, daga lambatu sai rafi, ƙarshe dai Kogin Kaduna, kuma daga nan ne masu lambu ke jan ruwa da inji suna ba latas da kabeji da alayyahon da muke saya a kasuwa.

Ba mu kaɗai ba ne fa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2017 ya ce sama da kashi 80 cikin 100 na ruwan ƙazantar duniya haka nan ake sakinsa ba a tace ba. Wani zai ce sakaci ne kawai, eh akwai sakaci, amma akwai maganar wuta, kuma ita ce mutane ba su sani ba. Tace ruwan nan cin lantarki gare shi ba kaɗan ba. Dabarar da yawancin manyan birane ke bi, tun 1914 aka gano ta a Manchesta ta Ingila, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke cinye dattin cikin manyan tankuna, su kuma sai da iska suke rayuwa, don haka injina ke ta hura musu iska ba dare ba rana, kuma hura iskar nan kaɗai tana lashe kusan rabin wutar da matatar ruwan ke sha, wani wurin ma ya fi. To ɗauko wannan ka kawo inda nefa ke kawowa ta ɗauke. Wuta ta jima ba ta dawo ba halittun su shaƙe, tanki ya fara ɗoyi, a tada janareta kuɗin dizal ya cinye kasafin, ƙarshe ginin yana nan tsaye amma ruwa na wucewa yadda ya shigo.

Abin da ya fi burge ni shi ne ashe ƙazantar da kanta makamashi ce. Lakar da ke kwantawa a ƙasan tanki in aka rufe ta inda iska ba ta shiga, ruɓewa take yi ta fitar da gas mai kama wuta, shi ake ce wa bayogas, ana girki da shi ana kuma juya injin lantarki. A garin Arhus na Denmak akwai matatar Marselisborg da wutar da take samarwa ta haka ta fi wadda take ci, har rarar take turawa gari. In kuma kuna ganin ai wannan ƙasar Turawa ce, ga Windhuk babban birnin Namibiya, tun 1968 suke tace ruwan da aka yi amfani da shi ya koma famfo a sha.

Ni dai a ganina tsarin Kolkata ta Indiya ya fi dacewa da mu. Tafkuna ne masu faɗi marasa zurfi a gabashin birnin, ruwan ƙazanta ya shiga, rana da gansakuka su yi aikin da inji zai yi, sannan a yi kiwon kifi a ciki. Rana kuwa wallahi ba mu rasa ta ba. Sai dai yana son fili, nesa da gidaje, da mai kula, in ba haka ba gidan sauro aka gina. Shi ma bayogas makarantun kwana da mahauta da kasuwanni za su iya, tunda ƙazantar kullum tana nan a tare.

Kafin mu kai can akwai namu na gida. Don Allah a daina zuba baƙin mai da leda da famfas a kwata ko masai, su ke toshe hanya su ƙara wahalar tacewa. Masu buɗe sokawe cikin dare in an fara ruwan sama don ya tafi da shi, ku ji tsoron Allah, rijiyar maƙwabcinku yake shiga. A 2021 kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya, kuma gurɓataccen ruwa ne hanyarta. In za a haƙa masai a ba shi tazarar mita 30 daga rijiya in fili ya bari, kuma kada ya kasance ta saman gangare. In an kira motar kwasa ku tambayi direba ina zai juye. Iyaye mata, ganyen da za a ci ɗanye a wanke shi sosai da ruwa mai tsafta, in yaro ya fara amai da gudawa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari tun a gida, yana sha ana tafiya asibiti.