Finafinan Mugayen Dabbobi Masu Ƙaramin Kasafi

Finafinan mugayen dabbobi wani reshe ne na finafinan ban tsoro, inda dabba kan addabi wani gari ko daji, tana hallaka mutane ɗaya bayan ɗaya. Akasarinsu da kuɗi kaɗan ake yin su. Tun kafin 1975 ana shirya irinsu, har da Night of the Lepus na 1972 mai ƙattin zomaye, amma kasuwarsu ta buɗe sosai ne bayan fitowar Jaws na Steven Spielberg, labarin wani ƙaton kifin shak mai hallaka mutane, a Amurka a 1975.

Ƙananan furodusoshi sai suka ɗauki zubin labarin suna sauya dabbar kawai. Grizzly na William Girdler, a 1976, ya sa beyar a madadin kifin shak; an kashe kimanin dala 750,000, ya kuma kawo miliyoyi. Joe Dante ya yi Piranha, mai ƙananan kifaye masu cin nama, a 1978 ƙarƙashin kamfanin Roger Corman, sannan Alligator na 1980 ya kawo kada da ke zaune cikin magudanar ƙazantar birni. Wani lokacin kwaikwayon kan wuce gona da iri: a 1982 kotu a Amurka ta dakatar da nuna wani fim ɗin shak na Italiya, Great White, bayan ƙarar kamfanin Universal.

Ƙarin kayan faifai

Al'adar ɗora sharhin murya a kan fim ta faro ne a 1984, lokacin da kamfanin Criterion ya fitar da King Kong a LaserDisc, wani babban faifan bidiyo da ya riga DVD fitowa. Da DVD ya yaɗu daga 1997, kamfanoni irin su Shout! Factory da Severin Films suka riƙa tono tsofaffin finafinan nan, su gyara hoton, su haɗa da sharhin darakta, hira da 'yan wasa, tallan fim na asali, da fitowar da aka yanke.

Sau da yawa wannan ƙarin ya fi fim ɗin kansa daɗi, domin a nan ake jin dabarun da rashin kuɗi ya haifar: kifayen roba a kan sanda, ƙaramin kada na gaske cikin gine-ginen wasa don ya zama ƙato a ido. A faifan Alligator na 2022 har da hira da ɗan wasan Amurka Bryan Cranston, wanda ya yi aikin ƙaramin mataimaki a fim ɗin shekaru da yawa kafin ya shahara.