Adana kwafin fayiloli da cron: tambayoyi da amsoshi

Cron shiri ne a Linux mai gudanar da umarni da kansa a lokacin da aka tsara masa.

Me ya sa ake liƙa kwanan wata a sunan kwafi?

Don kada na yau ya danne na jiya. Idan fayil ya lalace ranar Talata, ba a ankara ba sai Juma'a, kwafi mai suna guda ya riga ya kwashi ɓarnar. Fara da shekara, sai wata, sai rana:

`SUNA="takardu_$(date +%Y-%m-%d_%H%M).tar.gz"`
`tar -czf "/mnt/ajiya/$SUNA" /home/ofis/takardu`

`tar` ne ke dunƙule takardun cikin fayil guda a `/mnt/ajiya`, inda faifan waje ke hawa. Da wannan tsari umarnin `ls` zai jero kwafe-kwafen daga tsoho zuwa sabo. Kada ka raba awa da minti da alamar `:`, domin filashi mai FAT32 ko exFAT ba ya karɓar ta a suna.

Yaya zai riƙa gudana da kansa?

Ajiye layukan a `ajiya.sh`, `#!/bin/sh` a samansu, ka yi masa `chmod +x` don ya iya gudana. Buɗe `crontab -e` ka rubuta:

`0 2 * * * /home/ofis/ajiya.sh >> /home/ofis/ajiya.log 2>&1`

Gurabe biyar na farko su ne minti, awa, ranar wata, wata, da ranar mako. Wannan ƙarfe 2 na dare ke nan, kullum.

Da hannu yana aiki, a cron kuma shiru. Ina matsalar?

Yawanci PATH ne, wato jerin wuraren da ake neman umarni a cikinsu. Wanda cron ke bayarwa gajere ne, galibi `/usr/bin:/bin` kaɗai, don haka a rubuta cikakkiyar hanyar kowane umarni da fayil. Sai alamar `%`: a cikin crontab sabon layi take nufi, tana datse umarnin `date` a tsakiya. Barin `date` cikin `ajiya.sh` ya fi sauƙi a kan sa `\` kafin kowace `%`.

Akwai wadda ta fi waɗannan muni, don ba ta nuna alamar kuskure. Idan faifan waje bai hau ba, `tar` zai zuba kwafin a `/mnt/ajiya` na babban faifai, wato wurin da ake gudun lalacewarsa. Sa wannan kafin `tar`, don aikin ya tsaya idan faifan bai hau ba:

`mountpoint -q /mnt/ajiya || exit 1`

Idan an ɗauke wuta a lokacin fa?

Cron ba ya ramuwa. Anacron, wani shiri makamancin cron, shi ke biyan bashin idan kwamfuta ta tashi.

Faifai ba zai cika ba?

Zai cika, sai an riƙa share tsofaffi:

`find /mnt/ajiya -name 'takardu_*.tar.gz' -mtime +14 -delete`

Wannan yana goge waɗanda suka haura mako biyu. Haɗa shi da `tar` ta hanyar `&&`, don kada a share tsoho alhali sabo bai samu ba. A gwajin farko sa `-print` a madadin `-delete`, ka ga abin da zai tafi.