Laƙabi da Lissafin Shekaru a Ƙasar Katsina

Laƙabi da lissafin shekaru hanyoyi ne biyu da mutanen ƙasar Katsina da Daura suka daɗe suna riƙe tarihin haihuwarsu da su, tun kafin takardar haihuwa ta shiga gidaje. Abin da mutum ya sani game da zuwansa duniya, galibi daga bakin kaka ko gwaggo ya ji shi, sauran kuma yana cikin sunan da yake amsawa.

Laƙabi

Ana raɗa sunan yanka kwana bakwai da haihuwa, amma sau da yawa ba shi ke bin mutum ba. Kunya kan hana uwa kama sunan ɗan fari, kuma yaron da ya ci sunan kakansa sai a sakaya, a ce Abba ko Baba. Wasu laƙubban na rana ne, kamar Ɗanladi da Jummai. Ɗan'azumi cikin watan azumi aka haife shi, Sallau ranar Salla.

Akwai waɗanda suka fi haka nauyi. Tanko ya biyo bayan 'ya'ya mata, Gambo ya biyo tagwaye, Audi kuwa ya zo duniya mahaifinsa ya riga ya rasu. Ajuji labarin wabi ne: uwa ta binne 'ya'ya a jere, sai a ɗora jaririn a kan juji na ɗan lokaci, a nuna ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta ƙyale shi. Sai ka ga dattijo mai jikoki yana amsa sunan, yana ɗauke da baƙin cikin da bai gani da idonsa ba. Malamai da dama suna ɗaukar al'adar jujin a matsayin camfi.

Lissafin shekaru

Tsoho ba ya cewa shekara kaza aka haife shi. Yakan jingina abin da sarauta ko wata masifa. A Katsina ana auna shekaru da zamanin Sarki Dikko, wanda ya rasu a 1944, da na Usman Nagogo, 1944 zuwa 1981. A Daura Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga wajajen 1911 har 1966, saboda haka uba da ɗa da jika duk sukan ce a zamaninsa aka haife su. Yunwar Kakalaba, wajajen 1913 zuwa 1914, da yunwar 'Yar Gusau, wajajen 1942, sun zama ma'auni. Na baya-baya sukan ce "shekarar canjin kuɗi", wato 1973, lokacin da naira ta maye gurbin fam.

A yau

Makaranta da katin ɗan ƙasa suna neman rana da wata. Wanda ba shi da takarda yakan je kotu ya yi rantsuwar shekaru.